Kunyar Ɗiyar Fari

Washegarin ranar da muka binne ɗiyata, Baba Sale ya yabe ni a gaban mutane. Ƙanen mahaifina ne, shi ne babba a gidanmu na Attantane tun rasuwar tsohon, kuma iyakar sanina bai taɓa yaba mini komai ba, har da takardar da na je Yamai na sha wahala na samo. Muna zaune a kan tabarmi a inuwar bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida, masu ta'aziyya suna zuwa suna tafiya, sai ya nuna ni da hannun da yake riƙe da carbi.

"Ku dube shi," in ji shi. "Munka ce boko ya ɓata shi, ashe da sauranshi. Tun jiya ko ƙwalla guda bai yi ba, ko sunan yarinyar bai kama ba. Wagga ita ce kunyar ɗan fari da munka gada. Rayyanu, Allah shi yi maka albarka."

Mutane suka ce amin. Ni ma na shafa na ce amin, don haka ake yi.

A Tasawa ba mai kirana Rayyanu, Mushe kowa yake cewa, wato malam da Faransanci, har matata Mardiya. Ina koyar da sosiyoloji, wato ilimin zaman jama'a, a wata ƙaramar lakwal, wato makaranta, ta kuɗi inda ake horar da masu jinya da ungozoma. Ɗalibaina allura suka zo koya, ba labarin al'umma ba, saboda haka kullum sai na nemo abin da zai hana su gyangyaɗi. Darasin farko na kowace shekara nakan rubuta *fait social* a kan tablo, wato allon aji, in ja masa layi biyu, in juyo in ce musu abu ne da ka tarar an riga ka, ba kai ka ƙirƙiro shi ba, ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma gwada ƙetare shi ka ga yadda gari zai yi maka ca. In sun yi zuru suna kallona, sai in tambaya, "Su wa ne ƴan fari a nan? Wa uwarsa ta taɓa kiran sunansa?" Nan take aji yake farkawa da dariya.

Ni ɗan fari ne, misalin daga gida na ɗauko shi. Inna Furera da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Ina yaro "wancan" ne ni, da na girma na samu ƙarin girma na zama "mutumin Tasawa". In na yi zazzaɓi kakata ke goya ni, in na ci jarrabawa maƙwabta ke yin guɗa. Nakan ba ɗalibai wannan labarin ina murmushi, kamar bai dame ni ba, alhali ya dame ni ƙwarai. Shi ya sa na sha alwashin ba za a yi wannan a gidana ba.

Da Mardiya ta haihu, na cika alwashina har na yi ƙari. Ranar kasuwa nakan ɗora yarinyar a wuya in ratsa rumfuna da ita, tana riƙe da kunnuwana. Daga bakin titi nake ƙwala mata kira in na taso aiki. Tsofaffin unguwa suka ce Mushe ba shi da ta ido, ni kuwa na ji daɗi, don washegari sai in kai maganarsu aji in ce ga abin da ake kira *sanction*, hukuncin da jama'a ke yi wa wanda ya taka *norme*, wato ƙa'idar zama. Mardiya ce ta ba ni aiki. Ƴar Korgom ce, a cikin wannan kunyar aka raine ta, da farko ko nono za ta ba yarinyar sai ta juya wa mutane baya. Na yi ta tsokanarta, na yi ta lallashi, har bakinta ya saba da kiran sunan. Daga baya ma ta fi ni, don ita har waƙa take haɗawa da sunan in tana yi mata kitso. Wata Sallah a nan Attantane na ɗora yarinyar a cinya a gaban dattawa, Baba Sale ya ɗauki takalmansa ya bar wurin.

Hutun damina ne ya kawo mu gida a bana, gero ya fara fitar da kai. Da rana tana bin ƴan awaki a tsakar gida, da la'asar jikinta ya yi zafi. Palu ne, zazzaɓin cizon sauro. Muka kai ta likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, aka sa mata ƙarin ruwa, washegari da hantsi ta cika. Ba a ɗaukar ƙaramin yaro a makara, a hannu ake rungumarsa, ni na rungume ta har maƙabarta, ni na sa ta a ciki. Da muka dawo na lura takalmana sun yi laka, na samu buta na zauna na wanke su tas, har ƙasansu. Ina jiran kukan ya zo, bai zo ba. Jikina duka ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka san taka ce, amma ko an mintsine ta ba ka ji.

Abin haushi, kaina bai tsaya ba. Ina zaune a tabarma, wannan ya ce "Ya haƙuri?" in amsa, wancan ya ce "Allah ya sa mai ceto ce," in ce amin, can ciki kuwa darasi ake ta yi ba ɗalibi ko ɗaya. Akwai masanan da ke cewa kowace al'ada tana da aikin da take yi wa jama'a, kamar yadda kowace gaɓa ke yi wa jiki. A wajensu kunyar ɗan fari katanga ce: iyaye yara ne, ɗan fari ya fi saurin tafiya, sai aka nisanta su da shi tun da wuri don kada faɗuwar ta karya su. Akwai masu cewa a'a, in ka ga al'ada ka tambayi wa ke cin ribarta, kuma a nan manya ne, su ke karɓe ɗan fari su kai ɗakin kaka, su bar matasa da sunkuyar da kai. Na ukun su ne suka fi ba ni haushi ranar, don su suka fi gaskiya a kaina. Su cewa suke mutane ba sa ganin abin da ke cikinka, abin da ka nuna suke karantawa su ba shi ma'ana, kuma a kan ma'anar nan ake zama. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To mutanen Attantane sun tambayi fuskata, ta ce musu kunya ce.

Daga cikin gida kuwa muryar Inna ake ji. Kaka ba ta kunyar jika, ita al'ada ta sakar mata mara. "Ramla! Wayyo Ramla ƙawata, wa za ya sace mini ƙuli-ƙuli yanzu?" Mata suna ba ta baki, tana ƙara ɗaga murya. Na saurare ta kamar yadda ake sauraron rediyon maƙwabci. Na ma tsinci kaina ina lura cewa *statut* ɗinta ne ya ba ta wannan damar, kowa da matsayinsa, kowane matsayi da rawar da aka yanka masa. Da da hali da na cire kan nan na ajiye shi a gefen tabarma.

Danga ba ta tare magana. Kafin la'asar yabon Baba Sale ya zagaye cikin gida. Da na shiga ɗaukar buta, na tarar da Mardiya ita kaɗai a ɗakin da aka sauke mu, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu. Idanunta sun kumbura amma a bushe suke.

"Mushe, na ji an sa maka albarka," in ji ta.

Na tsaya riƙe da labule.

"Barka. Abin da kake nema wurin Baba tun kana yaro, yau ka samu. Da ɗiyata ka saye shi."

"Ba haka ba ne."

"To ƙaƙa ne? Duk wadda ta shigo, 'yarinyar' take cewa. Yarinyar ta huta, yarinyar mai ceto ce. Na buɗe baki in yi kuka, gwaggonka ta ce in yi shiru, ɗiyar fari ce, kada in ba da mata. Su ban ga laihinsu ba, haka sunka taso. Ni ma haka na taso, ina zamana lahiya. Kai ka zo kac ce mini wanga duhun kai ne. Kai ka hiddo ni waje, Mushe, yanzu ka koma ciki ka ja ƙyaure ka bar ni ni ɗai."

"Ban koma ko'ina ba."

"To hwaɗi sunanta."

Na buɗe baki. Sunan da nake kira tun daga bakin titi, sunan da na zaɓa da kaina na raɗa wa liman a kunne, yana nan, ina ganinsa kamar an rubuta a tablo, amma harshena ya kwanta ya ƙi tashi. Ba wani abu ne ya toshe mini maƙogwaro ba, da haka ne da na ji daɗi. Babu komai ne kawai a wurin. Na ji bakina yana cewa, "Ki gane, ba kunya ba ce. Mutane ne ke fassara shirun da ma'anar da sunka sani, *c'est une question de*..."

"Kada ka yi mini kur, nan ba aji ba ne," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ni ba ɗalibarka ba ce. Na kira Yaya Isufu, in an yi sadakar ukku za ya zo shi kai ni Korgom. In na bar garin ga ban ji sunanta a bakinka ba, kada ka wahal da kowa da zuwa biko. Ba ni iya zama da mutumin da za mu yi kamar ba a yi ta ba."

Na ce to, na ɗauki butar na fita. Na san abin da ta faɗa babba ne, na san Mardiya ba ta magana biyu, na kuma san ina sonta, amma duk wannan sani ne irin na wanda ya haddace darasi. Na yi alwala na bi jam'i, na dawo tabarma na ci gaba da cewa amin.

Washegari da safe na ce zan duba gona. Na bi ta bayan gari na kutsa cikin gero har inda ba mai ganina, raɓa ta jiƙa mini wando. Na ce a raina tunda idon mutane ne matsalar, ga ni ba mutane. Na gwada murya, tana aiki. Na ce gero, na ce wake, na ce Attantane. Na kira sunan Mardiya ya fito, na kira nawa ya fito. Na zo kan wanda na zo dominsa, sai na tsaya ina kallon wata tsutsa tana hawan kara. Na daɗe a haka. Daga nan na lura ciyawa ta fara cin gefen gabas, na sunkuya na yi ta cira da hannu har rana ta yi zafi, na koma gida da yunwa.

Inna ce ta fito da ƙwaryar fura da kanta. Ta dire ta a bakin zaure inda nake zaune ni kaɗai, ta kalli bango ta ce, "A ce ma wancan shi sha, tun jiya bai sa komi a cikinshi ba." Babu kowa a wurin da za a ce wa ya ce mini, haka dai take yi tun ina yaro. Muryarta ta dushe saboda kuka. Na dube ta sosai, abin da ban saba yi ba. Shekara da shekaru ina kai shirun matar nan aji ina yanka shi gunduwa-gunduwa, ga shi yau an ɗora nawa kusa da nata an ce iri ɗaya ne, kuma daga waje ba mai iya bambanta su. Ko akwai wani abu a ƙarƙashin nata, ko babu, ban sani ba.

"Inna," na ce, "wai sunana wuyar hwaɗi gare shi?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Kai, ji mini ɗan banza. Sha ka ba ni ƙwaryata."

Na shanye furar duka, har na kaɗa ludayi a gindin ƙwaryar. Ta ɗauka ta shige.

Ranar sadakar uku aka soya masa aka daka gumba, liman ya yi addu'a, yara suka yi layi aka raba musu. Ana cikin shafa fatiha na ji ƙarar moto, wato babur. Isufu ne, yayan Mardiya, ya sha hanya tun asuba, ƙafafun wandonsa duk laka. Ya durƙusa ya yi wa Baba Sale gaisuwa, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya ba da ladan haƙuri. Bai san komai ba, a wajensa ƙanwarsa zai kai gida ta huta kwana biyu a gaban uwarta, kamar yadda ake yi. Baba Sale ma ya ce hakan ya yi daidai. Ni da Mardiya kaɗai muka san irin tafiyar da za a yi.

Isufu ya sayi esansi, wato fetur, a kwalba wurin mai tebur, ya juye a tanki, ya ɗaure jakarta a baya da roba. Na tsaya ina kallon yadda yake ɗaurin, har na ce masa ya ƙara zagaye ɗaya don hanyar da ramuka. Mata suka rako Mardiya zuwa bakin zaure suka tsaya daga ciki. Ta fito cikin dogon hijabi ruwan toka, ta durƙusa nesa da tabarmar maza ta yi sallama da Baba Sale, ya sa mata albarka. Sannan ta miƙe ta zo ta tsaya a gabana.

Jira take. Dattawa suna kallonmu ta gefen ido, don ba a saba mace ta tsaya wa mijinta haka a gaban mutane ba. Na ji kaina ya fara lissafa abin da kowa ke karantawa a tsayuwar nan, na ce masa ya yi mini shiru, bai yi ba. Na tattara duk abin da nake da shi na kai bakin harshe. Na ga ta ɗan matso, ta zuba wa leɓɓana ido.

"Ku sauka lahiya," na ce. "A gaida su Innarku."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta juya ta hau bayan moton, ta zauna a karkace ta riƙe ƙarfen baya. Isufu ya taka sau biyu ya tashi. Na koma na zauna a tabarma kusa da Baba Sale, na ga matata tana tafiya, na san ba za ta dawo ba, kuma ban ji komai ba sai ƙaiƙayin cizon sauro a idon sawu.

Moton ya fara jan jiki cikin rairayi, yana wutsil-wutsil da baya. Har sun kusa kwanar masallaci sai idona ya sauka a kan ƙafar baya. Gefen hijabinta ya zubo, yana lilo dab da wayoyin ƙafar, iska tana tura shi ciki. Na taɓa ganin yadda waya ke naɗe hijabi ta fizgo mace ƙasa a kan titin Tasawa. Ban yi shawara da kowa ba, ban san lokacin da na miƙe ba.

"Maman Ramla! Hijabinki!"

Muryar ta fito da ƙarfin da nake kira da shi daga bakin titi, har kajin da ke kiwo a gindin danga suka watse. Haka nake kiranta a gida tun ranar suna, in ina neman makulli, in abinci ya yi gishiri, in na dawo ban ganta a tsakar gida ba. Baki ya saba, bai tsaya neman izinina ba.

Isufu ya taka birki. Carbin Baba Sale ya tsaya a hannunsa. Ni kuwa sunan da na ji a cikin muryata ya dawo ya same ni a ƙirji, na ga yarinyar tana gudu ta nufo ni da takalmi ɗaya a ƙafa, na ji nauyinta a wuyana da ƴan yatsunta a kunnuwana, na ji sanyin ƙasar da na kwantar da ita a kai. Zafin ya zo mini gaba ɗaya, irin wanda ban taɓa sanin akwai shi ba. Na dafa dogon yaro, wani sauti ya fito daga cikina a gaban duk dattawan Attantane.

Mardiya ta tattara hijabin ta cusa a ƙarƙashin cinya. Ta taɓa kafaɗar yayanta ta ce ya kashe moton. Sannan ta waiwayo, fuskarta sharkaf da hawaye, ta amsa da ƙarfi yadda take amsawa daga madafa.

"Na'am."

Na sake kira, ta sake amsawa.